Tsuntsu Na Allah Ne, Kunnen Ɗan Jagora Ake Biya

Duk shekara idan watan Mayu ya kama, akwai wata Asabar da masu kallon tsuntsaye na duniya suke yin sammako, kowa a ƙasarsa, su ƙirga irin tsuntsayen da suka gani ko suka ji kukansu kafin dare ya raba. Abin da aka samu sai a tura ta waya zuwa rumbun eBird na Jami'ar Cornell da ke Amurka. A 'yan shekarun nan Kolombiya ce ta fi yawan zuwa ta ɗaya, da iri sama da 1,500 a yini guda, Peru na take mata baya. Idan labarin ya iso mana, can ƙarshen labaran duniya ake maƙala shi, inda ake ajiye abin ban dariya. A majalisa kuwa hukuncin ɗaya ne: ƙoshi ne ya yi wa Nasara yawa, shi ya sa zai bar gidansa ya je ya tsaya cikin raɓa yana ɗaga wuya sama.

Wannan fahimtar ta ja mana asara. Kolombiya talla take yi a ranar nan, kuma ta san abin da take sayarwa. Tana da irin tsuntsaye sama da 1,900, babu ƙasar da ta kai ta, alhali duk duniya ba su wuce 11,000 da ɗoriya ba. Shekara da shekaru yaƙin 'yan tawayen FARC ya rufe tsaunukanta, sai da aka sa hannu a kan sulhu a 2016 baƙi suka fara kwarara cikin dazuzzukan da a da ko soja ba ya shiga sai da shiri.

Yadda harkar take ba wani abu ne mai wuya ba. Mutum shida ko takwas za su biya kamfani kuɗin da ya kai miliyoyin naira kowannensu, a zaga da su mako biyu ko uku, daga kurmin da ke ƙasa a yi ta hawa har ƙolin tsauni, domin duk hawan da aka ƙara bishiyoyi suna sauyawa, tsuntsaye ma suna sauyawa. Kowa da tabarau mai hangen nesa a wuya da jerin sunayen da yake son cikewa. To amma a cikin kurmi ido ba ya aiki sosai. Ganye ya rufe sama, ƙasa duhu, tsuntsun yana taku goma daga gare ka ba ka gan shi ba. Mafi yawan abin da ake samu da kunne ake fara samunsa. Kuɗin jirgi da na masauki duk hanya ce kawai ta kai baƙo gaban mutum ɗaya, ɗan garin da zai tsaya cak, ya ɗaga yatsa, ya ce ga shi can a reshe na uku.

Dubi Anhel Fas, wani manomi a tsaunukan arewa maso yammacin Kito, babban birnin Ekwado, wanda a da saran itace yana cikin abin da yake ci da shi. Wajen 2005 ya lura da wata tsuntsuwa mai dogayen ƙafafu, mai tsananin ɓuya a ƙasan kurmi, wadda masana kan yi shekaru ba su sa ta a ido ba. Ya shiga tono mata tana, ya wanke, ya ajiye a kan kututture, ya ja da baya. Yau da gobe har ta saba. Ya raɗa mata suna Mariya, ya zama idan ya kira sunan sai ta fito tana tsalle ta ɗauki tanarta a gaban baƙin da suka taso daga Japan da Jamus. Gatari ya koma ɗaka, domin dajin a tsaye ya fi kawo kuɗi. Dabarar tasa ta bazu har Kolombiya da Peru.

Wanda ya taɓa ganin maharbin ƙasar Hausa ya ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa baƙin zane, ya sunkuya yana tafiya yana saran ƙasa da baki har ya shiga tsakiyar namun daji ba su razana ba, ya san irin wannan haƙurin da lurar ba baƙonmu ba ne. Yaron da ke kiwo ya san kukan fakara daga na zabon daji tun bai iya karatu ba. Manomi yana ganin shamuwa ta sauka ya fara gyaran gona. Wannan ilimin shi ne jarin sana'ar, mu kuwa mun bar shi a bakin danƙo.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke ɗaukar nazarin tsuntsaye kamar wani abu da bai taɓa taka ƙasarmu ba, alhali a nan arewa aka yi wani babban ɓangare na tarihinsa a Afirka ta Yamma. Tsakanin 1904 da 1907 ayarin Boyd Alexander ya ratsa ta Lakwaja da Ibi har Tafkin Chadi yana tattara tsuntsaye, kuma wanda ya yi masa aikin harbi da fiɗa wani ɗan tsibirin Kef Bade ne mai suna José Lopes. Shi dai an rubuta sunansa. Maharban ƙauyukan da suka nuna hanya suka nuna sheƙa, babu wanda ya damu ya tambayi nasu.

A 1964 aka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Nijeriya. John Elgood yana Ibadan, Bob Sharland yana Kano, shi kuma Hilary Fry yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma daga Zariya mujallar ƙungiyar ta riƙa fita. Ƙungiyar ce daga baya ta zama ta Afirka ta Yamma baki ɗaya, mai mujallar Malimbus tun 1979. Sharland ya shekara da shekaru yana kama ƙananan tsuntsaye a kewayen Kano, ya sa musu zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa ya sake su, wasu a tsince su a Turai. A Malam Fatori, bakin Tafkin Chadi, aka auna 'yan tsuntsayen da ke shirin tsallake Sahara aka ga yadda suke tara kitse, wasu har nauyinsu ya kusa ninkawa, kafin su tashi. A 1969 kuma masu lura a Ingila suka ga fiye da rabin wani ɗan tsuntsu da ke cin rani a yankinmu bai koma ba. Da aka bi sawu, farin Sahel ne. Tsuntsaye sun kai labarin fari Turai shekaru kafin yunwar 1973 ta sa duniya ta waiwayo. Ɗalibi nawa ne a Samaru yau ya san wannan?

Labarin Jos ya fi duka daɗi. Akwai wani baƙin tsuntsu mai sheƙi da ba ya gina sheƙa. Macen takan saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah ko danginta, ɗan ya tashi a hannun masu riƙo, ya koyi kukansu, idan ya girma ya riƙa maimaita shi. Robert Payne na Jami'ar Michigan ya saurari na tsaunukan Jos, ya ji yana kwaikwayon kukan da bai yi daidai da na kowace baiwar Allah da aka sani ba. Ke nan akwai wata uwar riƙo da ilimi bai san da ita ba. Aka bi kukan har aka same ta cikin duwatsu, mai jan baya, aka bayyana ta ga duniya a 1998. Ana ganin ta a dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take aiki tare da Jami'ar Jos tun farkon shekarun 2000, tana yaye ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma. Daga can aka ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, matasan arewa ma suna ciki da tasu tawagar. Mai cike jerin sunaye a Landan ya san Laminga. Mu da muke wucewa ta Jos sayen dankali ba mu san ta ba.

Nijeriya tana da irin tsuntsaye sama da 900, kuma abin da baƙin nan suke nema, wato kurmi haɗe da tsauni, muna da shi a Taraba. Gandun dajin Gashaka-Gumti shi ne mafi girma a ƙasar, a cikinsa Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda babu tsaunin da ya kai shi a Nijeriya. Gaba da gandun dajin a kan hanya ga tudun Mambila, inda kurmin Ngel Nyaki yake maƙale a gefen kwari kusa da ƙauyen Yelwa, hazo na kwana a kansa. Akwai tsuntsaye a nan da ba a samun su ko'ina a duniya sai a wannan jerin tsaunuka da ya haɗa mu da Kamaru. Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a New Zealand, wadda mahaifinta ya yi safiyon dazuzzukan nan a shekarun 1970, ta kafa tashar bincike a wurin, kuma samarin Yelwa da ke aiki a tashar sun san itatuwan kurmin ɗaya bayan ɗaya. Ga 'yan jagora nan a shirye, baƙi ne babu.

Za a ce tsaro, kuma gaskiya ne. Babu kamfanin da zai kawo tsofaffi takwas hanyar da ake satar mutane. Kamaru ta ga haka: tsaunin Oku, gidan wani tsuntsu mai jan tukku da sarakunan yankin ke ba jarumai gashinsa a matsayin lambar girma, ya daina ganin baƙi tun da rikicin yankin masu Ingilishi ya ɓarke a 2016. Sai dai Kolombiya ta yi yaƙi fiye da shekara hamsin, da ƙura ta lafa ta tarar da dajinta yana nan. Mu kafin tamu ta lafa me za a tarar? An kwashe madobiyar Taraba a tirela ana kai ta Sin har sai da aka dakatar da cinikin a 2018. Gobarar rani tana cin bakin Ngel Nyaki. Gauraka, da ake kira tsuntsun ƙasa, ya kusa ƙarewa a dajin Nijeriya. Ungulu da ta cika kowace mahauta muna yara, tun 2015 tana cikin jerin masu dab da ɓacewa, kanta kuma yana nan a shimfiɗe a kasuwar 'yan magani, kowa na gani, har da jami'in da aka ɗauka don ya hana.

Gwamnonin da suka iya tara maharba dubu su raba musu babura don aikin sintiri ba za su kasa zaɓar ashirin a Serti da Gembu na Taraba su koya musu aikin jagora ba, a ba su tabarau da littafin tsuntsaye da takardar shaida. Kwamishinonin yawon buɗe ido su rage buga kalanda. Kuma ba dole sai an jira Nasara ba. Masu kai iyali Dubai hutun ƙarshen shekara, da makarantun kuɗi da ke kai yara kallon zaki a keji, su ne baƙin farko da ya kamata ɗan Yelwa ya samu. Daga Nuwamba zuwa Maris hanya ta bushe, tsuntsayen Turai ma suna nan, kuma motar Gembu tana tashi daga Jalingo ta bi ta Bali da Serti ta hau dutse a Mayo Selbe.