TARON ƘUNGIYA: KADA YA ZAMA TARON TSINTSIYA BA SHARA



Kaka ta yi. An yanke hatsi, an ɗaure damma, an kai rumbu. Yanzu ne lokacin tarurruka: na bankin cimaka, na koperatib, na asusun mata, na sakin gonaki. Kai da ka gama ajin yaƙi da jahilci, da ke da kinka gama, ku ne za a miƙa ma alƙalami a ce ku rubuta abin da anka faɗi. Don haka na rubuto muku wagga takarda. Ku karanta ta, sa'an nan ku karanta ma waɗanda ba su iya ba.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

Shekara 3 ke nan anka kira ni taron bankin cimaka a wani gari na komin ɗinmu. Ba ni faɗin sunanshi. An ce a taru da hantsi, amma ranar ta faɗa kan kasuwar garin maƙwabta, mutane ba su zo ba sai bayan azahar. Mata ba su ji kira ba ko kaɗan. Munka zauna har magariba. An yi maganar rijiya, an yi ta jakin da ya ci waken wani, an tono wata tsohuwar rigimar iyaka. Littafin kuɗi kuwa ba a buɗe shi ba. Anka watse, kowa yana tsammanin wani ne zai sayo hatsi.

Bayan sati 2 ma'aji ya tafi bida Abijan, makullin akwatin kuɗi yana aljihunshi. Kafin makulli ya komo, hatsi ya yi tsada. Kuɗin da za su sayi buhu 50 a watan Nuwamba, buhu 35 kaɗai sunka saya a watan Maris. Magazin ya ƙare daidai noman fari. Magidanta da yawa sunka bar gonakinsu cikin haki sunka tafi ƙwadago a gonakin wasu don su samu tiyar da za a daka.

Ba wanda ya saci ko dala. Taro ne bai yi aikinshi ba. Ni ma ina da nawa laifi: a maimakon in ce a buɗe littafi, sai na ci rabin awa ina jawabi bisa takin zamani.

TARO BA BAƘONMU BA NE

Kakanninmu sun san shawara a fada, sun san gayya, sun san samariya. A shekara ta 1962 anka kafa kulob-kulob na rediyo a Nijar: mutane su taru gindin akwati, su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki ra'ayinsu a aika Yamai. A wagga shekara kuma anka kafa UNCC don tafiyar da koperatib da bashin manoma.

Yau koperatib ɗinmu suna bin dokar OHADA wadda anka amince da ita a birnin Lome ran 15 ga watan Disamba 2010. Ƙasashe 17 na Afirka ke bin ta, har da Nijar. Ka riƙe abu uku daga cikinta. Na ɗaya, kowane ɗan ƙungiya ƙuri'a ɗaya gare shi, mai buhu goma da mai tiya goma duk daidai suke. Na biyu, tilas a yi babban taro aƙalla sau ɗaya a shekara, a duba lissafi. Na uku, ban da masu tafiyar da ƙungiya, akwai kwamitin sa ido mai binciken aikinsu. Ke nan babban taro shi ne uban gida, ba shugaba ba.

KAFIN RANAR TARO

1. Ka san dalilin taro. In ba ka iya faɗin shi da magana ɗaya ba, kada ka kira mutane tukuna. «Mu sa ranar sayen hatsi, mu zaɓi masu saye»: wanga dalili ne. «Mu tattauna ci-gaban gari»: wanga hira ce.

2. Ka rubuta batutuwa, kada su wuce uku. Mafi nauyi shi ne a gaba, tun mutane ba su gaji ba.

3. Ka zaɓi rana da hankali. Ban da ranar kasuwa, ban da ranar suna ko ɗaurin aure. Ka tambayi mata lokacin da sunka ƙare daka da ɗiban ruwa. A Adar kuma ka tuna da 'yan bida: da an kai hatsi rumbu samari sun kama hanyar Abijan, ko Libiya, ko Nijeriya. Taron kuɗi a yi shi tun ba su tashi ba.

4. Ka yi kira tun da sauran kwana 15. Ka fara sanar da maigari. A yi shela, a faɗa a masallaci, shugabar mata ta bi gida gida, a aika ma mazauna tunga da rugage. Kwana 2 kafin taro a sake tuni.

5. Ma'aji ya shirya littafin kuɗi, mai magazin ya ƙidaya buhuna, kai kuma ka nemo takardar taron da ya wuce.

RANAR TARO

Ana bukatar mutum huɗu: mai jan taro, mai rubutu, mai duban agogo, da tafinta. A ƙasarmu Hausawa da Abzinawa da Fulani rijiya ɗaya suke sha. Wanda bai ji abin da anka ce ba, bai yarda da shi ba, ko da ya gyaɗa kai. A fassara mishi da Tamajak ko Fulatanci, a jira shi ya ba da amsa.

Bayan addu'a, a kira sunaye a ƙidaya waɗanda sunka zo. In ba su kai yawan da dokar ƙungiyarku ta faɗa ba, a ɗaga taro. Shawarar mutum bakwai ba ta ɗaure mutum sittin.

Sa'an nan ka karanta abin da anka yanke a taron baya. Kowane aiki a tambaya: an yi shi, ko ba a yi ba? In ba a yi ba, mi ya hana?

A ɗauki batu ɗaya, a ƙare shi, kana a shiga na biyu. In wani ya kawo maganar jaki cikin maganar hatsi, kada a kunyata shi. Mai jan taro ya ce: «Mun ji, Malam, an rubuta, za mu komo mata a ƙarshe.» Kuma a cika alkawari.

Mai jan taro shi ne na ƙarshe wajen faɗin ra'ayi. In babba ya riga kowa magana, yara da mata ba su iya saɓa mishi, sai su yi shiru su je gida suna gunaguni. A ba mata fili da sunansu. In suna jin nauyi, su keɓe minti 15 su yi shawara, guda ta taso ta faɗi abin da sunka tsayar. Su ne sunka san ranar da rumbu ke ƙarewa.

Kuɗi kuwa a zube su bisa tabarma, a ƙidaya a gaban kowa, a gwada da abin da ke cikin littafi. Wanga ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga mutuncin ma'aji. Makullin akwati da na magazin kada su zauna hannun mutum ɗaya.

In an kasa daidaitawa, a ɗaga hannu, a ƙidaya, a rubuta. Taro kada ya wuce awa 2.

TAMBAYA HUƊU KAFIN A WATSE

Nan ne aikinka, kai mai alƙalami. Ka ja layi huɗu a kayenka: MI za a yi? WA zai yi? YAUSHE? DA NAWA?

Ga misali. Akwai jika 650 cikin akwati, buhun hatsi na kilo 100 yana jika 20. Sai ka rubuta: a sayi buhu 30, watau tiya 1200, masu saye mutum uku, maza biyu da mace ɗaya, ga sunayensu, a kasuwa biyu masu zuwa, jika 600 na hatsi, jika 50 na amalanke da gyaran magazin. Kada ka rubuta «kwamiti zai duba». Kwamiti ba shi da ƙafa, mutum ke da ƙafa.

Ka karanta abin da ka rubuta da ƙarfi. In an yarda, shugaba da ma'aji da wani daga kwamitin sa ido su sa hannu ko su dangwala yatsa. A sa ranar taro na gaba tun ba a naɗe tabarma ba.

TARON SAKIN GONAKI

Wanga ya fi kowane nauyi, don kuskure cikinshi yana jawo zubar jini. Dokar karkara ta ran 2 ga watan Maris 1993 ita ta kawo kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira kofo. Hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki, bayan ta ji shawararsu. In garinku zai ba da tashi shawara, a gayyaci makiyaya su zauna tabarma ɗaya da manoma. A faɗi gaskiyar abin da ya rage a gona, wake ne ko dawar fadama. In rana ta fito, a kai labarinta kowace ruga da kowace tunga.

MAGANA TA ZAMA AIKI

A shekara ta 1989 wasu manoma 13 na Ilela sunka je ƙasar Yatenga a Burkina Faso, sunka ga yadda ake gina ramu a fako ana zuba taki ana shuka. Da sunka komo ba su bar labari a baki ba, an gwada tassa bisa hekta 4. A 1990, shekarar ƙarancin ruwa, an yi hekta 70, kuma ramun nan sunka ba da hatsi. Yau wanda ya bi hanyar Badagishiri ya san abin da tassa ta yi ma fako.

Haka ake auna taro: da abin da anka gani a gona da magazin bayan wata ɗaya. Garin da na ba ku labari, bara sun yi taronsu cikin awa ɗaya da rabi, hatsinsu ya kai su har sabo ya nuna.

To, ɗan'uwa, ka gwada a taronku na bana. Ka rubuto ma gidan rediyo yadda kunka yi, da abin da ya ba ku wuya, mu karanta a shirin manoma kowa ya ƙaru. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai mu damina mai albarka. Amin.

Naku, malamin gona