Faffaɗan Haruffa Masu Fankon Ciki da Makomar Ƙugiyar Hausa a Allunan Iyakar Bagudo

A cikin nau'o'in haruffan da ake ƙerawa domin kanun rubutu da allunan sanarwa akwai wani rukuni mai sigogi uku. Faɗin harafin kan kai tsawonsa ko ya zarce. Gininsa na bin da'ira da murabba'i da miƙaƙƙen layi, ba tare da kaurin layin ya sauya ba. Sannan gefensa kawai ake zanawa, a bar cikinsa fanko. Tushen salon yana Turai. Paul Renner ya fitar da Futura a Jamus a 1927, daga baya Alessandro Butti da Aldo Novarese suka samar da Microgramma a Italiya a 1952, wadda ta ƙunshi manyan haruffa zalla, Novarese ya faɗaɗa ta zuwa Eurostile a 1962.

Irin wannan harafi bai dace da dogon karatu ba, domin siririn layinsa kan gajiyar da ido idan aka ƙanƙanta shi. Gurbinsa shi ne kalma ɗaya ko biyu a kan fili mai faɗi, kamar goshin babbar motar dakon kaya ko allon shago, wato irin rubutun da matafiyi ke cin karo da shi a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, musamman a garuruwan iyaka da Jamhuriyar Benin irin su Lolo da Tsamiya. Mai zanen allo yana samun sauƙi biyu: yana iya fitar da harafin da rula da igiya, kuma fankon cikin yana ba shi damar zuba launi na biyu ko ya bar fentin bango ya cike gurbin.

Sai dai salon yana da illa ga rubutun Hausar boko. Ƙugiyar Ɓ da Ɗ da Ƙ lanƙwasa ce da ke fita daga murabba'in da aka gina harafin a kai, kuma a zanen gefe sai an kewaye ta ciki da waje, abin da kan sa ta cushe. Yawancin waɗannan salailai ma ba a tanadar musu haruffan ba tun asali, don haka mai aiki da kwamfuta kan ga gurbinsu babu komai, ko wani baƙon harafi ya faɗo tsakiyar kalma. Mafita mafi sauƙi ita ce a yar da ƙugiyar.

A tsallaken iyaka, inda Faransanci ne harshen hukuma, an saba ganin manyan haruffa ba tare da alamomin samansu ba, kuma mai karatu kan gane abin da ake nufi. Lamarin Hausa ya fi haka tsanani, domin ƙugiyar ce ke bambanta sauti da sauti, kuma allo ba ya ɗauke da jimlar da za ta warware shubuha. FAƊA kan koma FADA, ƘASA ta zama KASA, MASAUKIN BAƘI kuwa ya rikiɗe zuwa MASAUKIN BAKI. Bahaushe zai cike giɓin da kansa, amma Badendi ko Bafulatanin da ke koyon karatun Hausa daga allunan kasuwa zai ɗauki gurguwar sigar a matsayin daidaitacciyar ƙa'ida.