Hoton kyanwa a bangon ɗaki: yadda sana'ar take a Turai da abin da za a duba kafin a biya mai zane

Shekarun baya wata Baturiya ƴar ƙasar Beljiyam da ke aiki da wani poroje a Yamai ta gama wa'adinta, abokan aikinta suka haɗa kuɗi don su yi mata kado na bankwana. Ƙanwata na cikinsu. Sarƙar Agadas tana da ita, matashin fata da takalman Wadata duk ta saya tun zuwanta. Sai direbansu ya ce shi dai abin da ya ga matar nan ta fi so a duniya shi ne mussarta, a sa a zana mata ita. Aka yi dariya, daga baya aka ga gaskiyarsa. Suka tura wa wani mai zanen allunan shaguna hoto guda ta WhatsApp, suka biya shi jikka 40. Ranar walima aka buɗe tablon, matar ta yi godiya da fara'a, amma kowa ya gane akwai magana. Kyanwar da ke jikin zanen kyakkyawa ce, kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Tata kuwa mai yagaggen kunne ce, mai kallon rainin wayo, idonta kore. Mai zanen ya gyara kunnen, ya mayar da idon rawaya, a ganinsa ya kyauta.

A wajenmu kyanwa ma'aikaciya ce. Ana barin ta a gida ko a shago saboda ɓeraye, a ba ta sauran tuwo, ba kowa ke raɗa mata suna ba. A Turai da Amurka kuwa ana lissafa ta cikin iyali. A Faransa kaɗai kyanwowin gida sun kai wajen miliyan 15, sun fi karnuka yawa nesa ba kusa ba, kuma doka ta tilasta a yi wa waɗanda aka haifa daga 2012 rajista da lambar shaida. Wadda ake kulawa da ita a cikin gida takan yi shekara 12 zuwa 15, wata ma ta wuce. Mutumin da ya zauna shi kaɗai a ɗakin bene tsawon waɗannan shekaru da dabba guda, ba abin mamaki ba ne ya so hotonta a bango, kamar yadda namu ke rataye hoton aure ko na dawowa daga Makka.

Al'adar ba ta yau ba ce. Misirawan dauri sun zana kyanwa a bangayen kaburbura, har suna da abar bauta mai kan kyanwa da suke kira Bastet. A ƙarni na 19 wata mai zane ƴar asalin Holan, Henriëtte Ronner-Knip, ta yi suna da kuɗi a birnin Brussels da zanen kyanwowin masu hali. A Ingila Louis Wain ya shahara da kyanwowinsa masu tufafi da halin mutane. Wanda ya taɓa zuwa Paris ya ga baƙar kyanwar nan da Steinlen ya zana a 1896 don tallar gidan wasan Le Chat Noir, wadda har yau ake bugawa a jikin kofuna da jakunkuna. Mafi ban mamaki ita ce wata attajira ta San Francisco, Kate Birdsall Johnson, da ta sa Carl Kahler ya zana mata kyanwowinta 42 a tablo guda wajajen 1891. A 2015 an yi gwanjonsa a Sotheby's kan dalar Amurka 826,000.

Abin da ya sauya shi ne intanet ta kawo sana'ar ga mai ƙaramin ƙarfi. A shafuka irin su Etsy, wanda aka kafa a New York a 2005, da kuma Instagram, mutum na tura hoton dabbarsa, ya zaɓi girma da irin aikin da yake so, ya biya, a aiko masa har gida. A nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido, don kalma guda ce ake tallar abubuwa daban-daban da ita.

Akwai zanen hannu na gaske. Na fentin mai shi ne mafi tsada, launinsa na da zurfi, yana daɗewa, amma yana ɗaukar makonni kafin ya bushe, don haka wanda ke da biki nan da kwana 10 kada ma ya fara. Fentin akirilik na bushewa cikin sa'o'i, yana jure shafa da tsumma. Na ruwa da ake yi a kan takarda yana da sanyi a ido, sai dai rana na cinye launinsa, kuma dole a rufe shi da gilashi. Na alli mai launi, wanda Faransawa ke ce wa pastel, babu kamarsa wajen fito da laushin gashin kyanwa, amma da yatsa ya taɓa shi ya ɓaci. Akwai kuma na fensir ko gawayi, baƙi da fari, mai sauƙin kuɗi.

Sai zanen da ake yi da hannu amma a kan kwamfuta, a buga shi a takarda ko ƙyalle. Wannan ma aiki ne, in mai shi ya faɗi gaskiya. Na ukun shi ne wanda ya cika kasuwa yanzu: a saka hoton cikin manhajar ƙirƙirarriyar basira, cikin minti guda ta fito da kyanwar sanye da alkyabbar sarakunan Turai, a buga, a sayar. Ni ban ga laifinsa ba in kuɗin bugu aka karɓa. Laifin shi ne a karɓi kuɗin zanen hannu a kansa. Hanyar ganewa ba ta da wuya. A nemi mai zanen ya turo hoton aikin tun yana rabi, ko ɗan bidiyon hannunsa a kai. In tablon ya iso, a karkata shi wajen hasken taga: fenti na gaske yana da tudu da kwari inda buroshi ya bi, bugun inji kuwa sumul yake. A kuma lura, Yuro 1 daidai yake da sefa 655.957, wato aikin Yuro 100 ya haura jikka 65 tun kafin kuɗin aikowa da na duwan. Dokar ƙasashen Tarayyar Turai da ke ba mai saye ta intanet kwana 14 ya mayar da kaya ba ta shafi abin da aka yi wa mutum shi kaɗai bisa buƙatarsa ba. Hoton kyanwarka ba mai sayensa sai kai.

Amma rabin aikin yana hannun mai ba da hoto, kuma a nan ne su ƙanwata suka faɗi. Mai zane bai taɓa ganin dabbar ba, abin da aka tura masa shi ne duk saninsa. A ɗauki hoton da rana, a inuwa mai haske ko kusa da taga, a durƙusa daidai da idon kyanwar, kada a ɗauka daga sama kanta ya fito ƙato jikinta ƙarami. A kashe filashi, don a bayan idon kyanwa akwai wani shimfiɗi da ke mayar da haske, shi ne ke sa idonta ƙyalli da dare, kuma yana ɓoye launin idon na gaskiya. Ƙwayar idonta na tsukewa ta zama kamar zare a rana mai ƙarfi, ta buɗe ta yi kewaye a duhu, kuma wannan kaɗai na iya mayar da fuska mai sanyi ta zama ta mafarauciya. A tura hotuna 4 ko 5, na fuska, na gefe, na jela. WhatsApp na matse hoto ya rage masa kyau, sai in an tura shi a matsayin fayil. Sannan a rubuta abin da hoto ba ya faɗa: kunnen hagu a yage yake kuma a bar shi haka, ga farin tabo a ƙafar dama, ga yadda take naɗe ƙafafu in ta kwanta. Baƙar kyanwa da fara fat su suka fi wahalar zanawa, su suka fi bukatar hoto mai kyau.

A yi ciniki a gama tun farko: girman tablon da santimita, misali 30 da 40, ranar bayarwa, kafin alƙalami nawa ne, da sau nawa za a gyara in ba a gamsu ba. Masu zanenmu da ke fito da askin kai iri-iri a allon mai aski, ko zaki a bayan babbar mota, hannu gare su. Abin da ba su saba da shi ba shi ne abokin ciniki da ke son yagaggen kunne ya fito a yage. Sai an faɗa masu.

Wanda zai rataye irin wannan a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa yana da abokan gaba uku: ƙurar hunturu, zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, da gara. Akirilik ko aikin takarda da ke cikin gilashi sun fi jurewa. Kada a sa shi inda rana ke dukan bango, kuma a riƙa ɗaga shi ana duba bayan katakon. In waje za a aika, ƙyalle na naɗuwa a saka a bututun kwali, amma pastel ba ya naɗuwa, gilashi kuma ba ya son tafiya.

Saura batun wanda za a ba. Kyanwa na da daraja a Musulunci. Sahabi Abu Huraira daga ƴar kyanwarsa ya samu laƙabin, kuma hadisin matar da aka azabtar don ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa sananne ne. Amma rataye hoton abu mai rai wata magana ce daban. A mazhabar Malikiyya abin da aka haramta shi ne mutum-mutumi cikakke mai inuwa, zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle kuwa an fi ɗaukarsa makaruhi ko barinsa ya fi, wasu malamai kuma sun hana duka. Saboda haka a san gidan kafin a kai. Haka nan in kyanwar ta mutu ba da jimawa ba, a tuntuɓi na kusa da mai ita tukuna, don wani zai rungumi hoton, wani kuwa ba zai iya kallonsa ba sai bayan watanni.

Su ƙanwata dai sun koma wajen mai zanen da hotuna 5 da aka ɗauko daga salular mai gadin gidan. Ya ƙara masu jikka 15, ya ce shi bai taɓa ganin inda ake biya don a yaga kunne ba. Tablon na biyu ya bi matar zuwa Liège a jakar wani abokin aiki.