Tarihin Magani a Ƙasar Hausa Bisa Shaidar Tsofaffin Littattafai

A unguwar Nassarawa ta Kano akwai wurare biyu waɗanda ya kamata mai neman tarihin magani ya dube su tare. Ɗaya shi ne asibitin Nassarawa, wanda yanzu a ke kira Asibitin Muhammadu Abdullahi Wase. Ɗayan kuwa Gidan Ɗan Hausa ne, inda Hanns Vischer ya zauna sa'ad da ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909, kuma a nan ne Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta ke ajiye tsofaffin littattafai rubutun hannu. Galibi in an ambaci tarihin magani, hankalin mutane ya kan tafi ga asibiti kaɗai, alhali kuwa tun kafin Turawa su ci Kano a 1903 malaman ƙasar nan suna karanta littattafan magani, suna juyar su da hannu, suna kuma wallafa nasu.

Sunan wannan fanni da Larabci shi ne ɗibbu, watau ilmin warkarwa, ko da ya ke a bakin Hausawa kalmar ta karkata har ta zama tsibbu. Littattafansa na farko daga ƙasashen Larabawa suka zo, ta hannun alhazai da fatake. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Ar-Rahma fi 'ɗ-Ɗibbi wa 'l-Hikma, wanda a kan jingina wa Suyuɗi, malamin Masar da ya rasu a 1505, amma masu bincike sun nuna asalinsa na wani malamin Yaman ne da ya riga shi. Irin waɗannan littattafai sun haɗa abu biyu: maganin da aka ruwaito daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar zuma da ƙaho da habbatus-sauda, da kuma ra'ayin likitocin Yunanawa na da, cewa lafiya ita ce daidaituwar zafi da sanyi da danshi da bushewa a jikin mutum.

A ƙarni na 19 shugabannin jihadi suka shiga fannin da alƙalaminsu. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalih al-Insan, a kan abin da ya ke gyara addinin mutum da jikinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya fi kowa yawan rubutu a nan: yana da littafi a kan ciwon ido, da wani a kan basur, da wani a kan tsutsar ciki, da wani kuma a kan ganyen sana. Zaɓen waɗannan cututtuka kansa shaida ce, gama ba a keɓe wa ciwo littafi sai ya dami jama'a.

Har wa yau, labarin tafiyar Hugh Clapperton ya nuna yadda Bello ya ke ɗokin wannan ilmi. Da suka sadu a Sakkwato a 1824, Bello ya nemi a aiko masa da likita daga Ingila. Aka taso da Dokta Dickson domin haka, amma ya ɓace a hanya bayan ya bi ta Dahomey. Da Clapperton ya komo a 1826 ya kawo littattafan Larabci, har da na lissafi na Uƙlidisu, sai Bello ya gaya masa cewa da ma gidansu suna da irinsa, wanda aka samo daga Makka, amma ya ƙone a gobara. Ashe tun a wancan zamani littafi ya kan salwanta, ko a gidan sarki.

Tun wajen 1955 aka shiga tattara abin da ya rage. Kensdale ya fara tsara sunayen littattafan Larabci na Kwalejin Jami'a ta Ibadan a shekarar nan. An yi wa na gidan tarihi na Jos irin wannan aiki a 1965. Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta kafa shirin binciken tarihin Arewa a 1964. Laburaren Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu a 1962, yana Jami'ar Northwestern a Amurka, da takardu fiye da 3,000, kuma da yawa daga cikinsu na magani ne da asirai. Daga irin waɗannan taskoki Ismail Abdalla ya gina littafinsa na 1997 a kan Musulunci da magani a Arewacin Nijeriya.

To, amma sunan littafi a jerin sunaye ba ya faɗin yadda aka yi aiki da shi. Wannan sai an buɗe warƙoƙin. Takardar kanta tana magana: in an ɗaga ta ga haske aka ga alamar jinjirin wata uku, galibi daga arewacin Italiya ta fito, ta biyo ta Tarabulus ko Masar. Gefen shafi ya fi haka amfani, domin a nan ne malami ya kan rubuta sunan itace da ajami kusa da na Larabci: tamar hindi, tsamiya, zanjabil, citta, sana, filasko. Wani lokaci fassarar ba ta faɗa daidai kan itacen asali ba. Malamai su kan fassara sidir da magarya, amma bisa ga littafin sunayen itatuwa na Dalziel na 1916, itacen da Larabawa su ke kira sidir shi ne kurna, magarya kuwa 'yar'uwarta ce. Saboda haka abin da aka rubuta a Masar dabam, abin da aka jiƙa wa majinyaci a Kano dabam, kuma gefen shafi ne kaɗai ya ke riƙe da wannan labari.

Sa'an nan dole a tuna littattafan nan muryar malamai ce kawai. Wanzami da maɗori da ungozoma da 'yar mai ganye, waɗanda su ne talaka ya fi zuwa wurinsu, ba su bar rubutu ba. Saninsu baki da baki ya ke tafiya. Wanda ya dogara ga taskar littattafai ita kaɗai ya sami rabin labari ke nan.

Abin da ya rage ga masana da malaman kwalejojin horon malamai a fili ya ke. Littattafan nan warƙoƙi ne a sake cikin gafaka, gara da ɗigar damina da rabon gado suna cin su kowace shekara. In an sami wani a gida, kada a juye nassin kawai a bar gefe. A ɗauki hoton kowane shafi ɗungum, a rubuta sunan mai shi da garinsu, a kuma nemi dattijon da ya san itatuwan ya nuna su tun yana raye.