Koyon Kanikanci a Amurka: Bashin Makaranta da na Akwatin Sifana

Daga Wakilinmu

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2025, shugaban kamfanin ƙera motoci na Ford, Mista Jim Farley, ya yi wata magana wadda ta ta da ƙura a ƙasar Amurka. Ya ce garejojin dillalan kamfaninsa suna da guraben kanikawa har 5,000 waɗanda aka rasa masu cika su, alhali kuwa aikin yana iya kai mutum ga samun dala 120,000 a shekara. Duk wanda ya ji wannan adadi zai tambayi kansa, me ya hana samarin ƙasar su yi tururuwa zuwa makarantun koyon gyaran mota? Amsar tana cikin lissafin abin da ɗalibi ke kashewa, da abin da yake ci bashi, da kuma abin da yake komawa gida da shi a ƙarshen wata.

Hanyar da talaka ya fi bi zuwa wannan sana'a a can ita ce ta ƙananan kolejoji na shekara biyu, waɗanda jihohi da gundumomi ke riƙe da su domin 'ya'yan yankinsu. Tarihinsu ya daɗe, gama ta fari a cikinsu, watau ta garin Joliet kusa da Shikago, tun 1901 aka buɗe ta. Ɗalibin kanikanci yakan koyi aikin inji da giya da birki da wayoyin lantarki da na'urar sanyaya mota, ya haɗa da ɗan lissafi da Turanci, sa'an nan a ba shi ƙaramin digiri.

Kuɗin makaranta

A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, matsakaicin kuɗin da irin waɗannan kolejoji suka karɓa daga ɗan yankinsu shi ne dala 4,050 a shekara. A wannan shekara ɗin kuma, tallafin gwamnatin tarayya da ake kira Pell, wanda ake ba 'ya'yan marasa ƙarfi ba tare da an ce su mayar ba, ya kai dala 7,395 ga wanda ya cancanci cikakken kaso. Ke nan ɗan talaka yana iya biyan kuɗin makaranta har ya sami ragowa ta littattafai. Wasu jihohi ma, irin su Tenesi tun daga 2015, sun ɗauke wa masu fitowa daga sakandare wannan nauyi gaba ɗaya.

Amma karatu ba ya hana cin abinci, ba ya kuma biyan haya, don haka akwai masu cin bashi. Gwamnati tana ranta wa ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa abin da bai wuce dala 5,500 ba a shekarar fari, da 6,500 a ta biyu. Idan ya karɓe su duka ya ci bashin 12,000 ke nan. Kuɗin ruwan da aka aza wa rancen 2024 zuwa 2025 kashi 6.53 ne cikin ɗari, wanda in aka baje shi a kan shekara goma zai riƙa biyan kamar dala 136 a wata. Wannan kaya ne da ma'aikaci zai iya ɗauka. Sai dai a lura, bashin karatu a Amurka ba kamar sauran basussuka ba ne, domin ko kotu ta tabbatar mutum ya tsiyace da wuya ta yafe masa shi.

Inda lissafi ke canjawa shi ne makarantun 'yan kasuwa masu neman riba. Babba a cikinsu, Universal Technical Institute, wadda aka kafa a Arizona a 1965, tana gama wa ɗalibi karatu cikin kamar shekara guda, amma kuɗinta yakan haura dala 30,000. Sana'a ɗaya ce, garejin da za a je neman aiki ma ɗaya ne, bashin kuwa ya ninka. Kada kuma a manta da kamfanin Corinthian, mai makarantun kanikanci na WyoTech a da, wanda ya rushe a 2015 bayan an same shi da kambama yawan ɗalibansa da suka sami aiki. Sai a 2022 gwamnati ta yafe wa mutum 560,000 da suka yi karatu a makarantunsa bashin dala miliyan 5,800.

Abin da ake samu

Ofishin ƙididdiga na Ma'aikatar Ƙwadago ya nuna cewa a watan Mayu na 2023 bakaniken da ke tsakiyar sahu, watau wanda rabin kanikawa suka fi shi samu rabi kuma ya fi su, yana samun dala 47,770 a shekara. Na tsakiyar sahun dukan ma'aikatan ƙasar kuwa 48,060 ne. Ashe dai bakaniken Amurka ba attajiri ba ne, ba kuma matsiyaci ba. Kashi goma na ƙasa ba su kai 31,000 ba, kashi goma na sama kuma sun wuce 77,000. Mai karatu zai gane da kansa cewa dala 120,000 ɗin Mista Farley rabon 'yan tsiraru ne ƙwararru, shi kansa ma ya ambaci shekara biyar na koyo kafin a ƙware a aikin injin manyan motocin kamfanin masu shan gas.

Sabon mai digiri daga ƙasa yake farawa, da juyen baƙin mai da canjin taya. Kafin a ɗauke shi cikakken bakanike yawanci sai ya ci jarrabawar wata hukuma mai zaman kanta da ake kira ASE, wadda ke neman shekara biyu na aikin hannu. A nan digirin yake da rana, domin ana lissafa shi a madadin shekara guda.

To, a nan ne kuma gizo ke saƙa. Yawancin garejojin dillalai ba sa biyan bakanike gwargwadon awoyin da ya yi a bakin aiki. Akwai littafi da ya ƙayyade wa kowane gyara lokacinsa. A ce littafin ya yanke awa biyu ga canjin wani ƙarfe: in bakanike ya gama cikin awa ɗaya za a biya shi na biyu, in kuwa ƙusa ta ci tsatsa ta ƙi kwancewa har ya yi awa huɗu, na biyun nan dai za a ba shi. A jihohin arewacin ƙasar, inda ake watsa gishiri a kan hanya don narkar da ƙanƙara, tsatsa abokiyar aiki ce ta kullum. Gyaran motar da ke ƙarƙashin lamunin kamfani kuma awoyinsa sun fi ƙanƙanta. Ranar da motoci ba su shigo ba, sai ɗan abin da doka ko mai gareji ya lamunce masa. Tsohon hannu yana cin ribar wannan tsari, har ya karɓi kuɗin awa sittin a makon da ya yi arba'in. Sabon shiga, wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, shi ke ɗaukar hasarar, kuma a daidai lokacin ne takardar biyan bashin makaranta take fara zuwa, wata shida bayan gama karatu.

Bashin da ba a rubuta ba

Tun 2019 Ma'aikatar Ilimi take bayyana wa jama'a, makaranta-makaranta da fanni-fanni, abin da ɗalibai suka ci bashi da abin da suke samu bayan sun gama. Aiki ne mai kyau, amma akwai bashin da ba ya fitowa a cikinsa. A Amurka bakanike shi ke sayen kayan aikinsa. Mai gareji zai ba da rumfa da injin ɗaga mota, amma sifana da soket da sukurdireba da akwatin ƙarfen da ake adana su duk daga aljihun ma'aikaci suke fitowa. Motocin kamfanoni irin su Snap-on da Matco suna zagaya garejoji mako-mako, suna ba da kaya bashi, suna karɓar biya kaɗan-kaɗan. Yaron da ya ga na gaba da shi da akwati mai tsawon mutum ba ya son a raina shi, sai ya sa hannu. Kafin shekaru kaɗan kuɗin kayan ya kai dubban daloli, har ba abin mamaki ba ne ya zarce bashin kolejin. Da can ana iya cire wani ɓangare na wannan kuɗi daga abin da za a yanka wa haraji, amma dokar haraji ta 2017 ta toshe wa ma'aikata wannan ƙofa.

Waɗanda suka fi dacewa su ne masu shiga shirye-shiryen da kamfanonin mota ke yi tare da kolejojin, kamar ASEP na General Motors, da ASSET na Ford, da T-TEN na Toyota. Ɗalibi yana karatu a aji, yana kuma aiki a garejin dillali ana biyansa, ga shi sau da yawa wurin aikinsa na jiransa tun kafin ya gama. Mafi munin rabo kuwa na wanda ya ci bashi ya bar karatu a tsakiya ne, kuma ba su da kaɗan, gama waɗanda ke fita da takardar shaida cikin masu shiga waɗannan kolejoji ba su kai rabi ba.

Aikin kansa ba ya shirin ƙarewa. A 2024 matsakaicin shekarun motocin da ke kan hanyoyin Amurka ya kai 12.6, tsohuwar mota kuwa ita ce abincin bakanike. Ma'aikatar Ƙwadago ta yi hasashen buɗewar gurabe kusan 68,000 a kowace shekara tsakanin 2023 da 2033, akasarinsu na maye gurbin waɗanda suka yi ritaya ko suka bar sana'ar. Motoci masu aiki da batir ba sa bukatar juyen mai ko canjin fulogi, amma har yanzu 'yan kaɗan ne a cikin motocin ƙasar, kuma su ma suna da birki da taya da wayoyi.

Ga samarinmu da ke jin labarin nan suna lissafa dala da naira, ya kamata su san cewa rahusar kuɗin makarantar ta 'yan yankin ce. Baƙon ɗalibi yakan biya ninki biyu ko uku, ba ya samun tallafin Pell, ba ya samun rancen gwamnati, kuma takardar izinin shigarsa ƙasar ba ta ba shi damar kama aiki a wajen makaranta sai da izini na musamman.