Yanyawa Tana Barci, Katafila Tana Aiki

Direban da ya saba bin hanyar Sakkwato zuwa Jega da dare, wadda ta ratsa Boɗinga da Shagari, ba zai rasa sanin wata 'yar dabba mai launin rairayi da manyan kunnuwa ba, wadda kan tsallake kwalta a guje idan fitila ta haske ta. Yanyawa ke nan. Wasu na haɗa ta da dila, amma ta fi shi ƙanƙanta ƙwarai, nauyinta kilo 2 zuwa 3 da 'yan kai, ƙarshen wutsiyarta baƙi. Mazauninta yankin Sahel ne, tun daga Senegal har Sudan.

A watan Oktoba na 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, aikin da ake danganta tunaninsa da zamanin marigayi Shugaba Shehu Shagari. Kowa ya yi murna, kuma aikin ya cancanci murna. Sai dai duk aikin hanya, sabo ne ko gyara, yana farawa da share daji da haƙar marmara, a nan ne kuma yanyawa ke shiga uku.

Dalili shi ne yadda take rayuwa. Namiji da mace da 'ya'yansu suna haƙa rami a ƙasa mai yashi, tsawonsa kan kai mita 15, zurfinsa mita 2 zuwa 3, da ɗakuna a can ciki waɗanda suke shimfiɗa wa busasshiyar ciyawa. Da rana suna ciki suna gudun zafi, sai duhu ya yi su fito kiwo. Katafila kuwa da rana take aiki. Tsuntsu zai tashi, zomo zai ruga, ita yanyawa idan ta ji ƙasa na girgiza ƙara nutsewa take yi cikin raminta, sai a rufe ta da ranta, ita da 'ya'ya uku zuwa shida. Mai tuƙin bai ma san ya yi ba. Bayan an zuba kwalta kuma, motocin dare su karɓi aikin.

Gaskiya ne, ƙungiyar IUCN mai lissafin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ba ta sa yanyawa cikin masu hatsari ba. A 2012 ta fitar da ita daga rukunin waɗanda bayani bai wadata a kansu ba, ta ce babu fargaba sosai. Amma wannan hukunci na Sahel ne gaba ɗaya. Ba ya hana ta ƙarewa a fakon ƙauye guda, kuma manomin ƙauyen ne zai ji a jikinsa, domin ɓeraye da fara da sauran ƙwari su ne yawancin abincinta. Takan ɗauki kaza idan ta sami sarari, babu mai musun wannan, amma ɓarnar ɓera a gona da rumbu ta fi ta nesa ba kusa ba.

A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai 'yar'uwarta ta kwarin San Joaquin, wadda aka sa cikin masu fuskantar ƙarewa tun 1967. Abin da ake tilasta wa 'yan kwangila a can bai fi ƙarfinmu ba. Kafin a fara, masana su bi filin a ƙafa su gano ramuka, a kewaye su, ba a rushe rami sai an tabbata babu kowa ciki. Ramin aiki mai zurfi a rufe shi da yamma, ko a jingina katako don dabbar da ta faɗa ta fito. A leƙa cikin bututu kafin a binne shi. Ragowar abincin leburori a rufe, motocin aiki su rage gudu. Mu ƙara da kwalbati mai faɗi wanda dabba za ta iya bi ta ƙarƙashin titi, wanda dama ruwan damina na bukatarsa.

Doka ma tana nan. Dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli, ta 86 ta shekarar 1992, ta wajabta bincike kafin aikin babbar hanya, kuma ana baje rahoton don jama'a su duba su yi magana. A ganina raunin yana wajen wanda ake tambaya. Mai binciken da ya zo da rana tsaka ba zai ga yanyawa ba, alhali maharbi da makiyayin yankin za su nuna masa kowane rami da yatsa.

Don haka hakimai da masu unguwanni na Boɗinga da Shagari, ranar da masu awo suka zo da turakunsu, bayan maganar diyyar gonaki, ku haɗa su da sarkin baka da ardo su zaga dajin tare kafin katafila ta iso.