Mai Gwajin Zazzaɓi a Tsaunukan Karen

A ƙauyukan ƙabilar Karen da ke kan tsaunukan gabashin Myanmar, daura da iyakar Tailan, akwai sana'ar da kayan aikinta ba su wuce akwati guda ba: tsinken gwajin jini, auduga, ƙwayoyin magani da littafin rajista. Mai ita ba likita ba ne. Ɗan ƙauyen ne, ko 'yar ƙauyen, da jama'a suka zaɓa aka ba shi horo na 'yan kwanaki. Cibiyar binciken maleriya ta Shoklo da ke garin Mae Sot ce ta jagoranci shirin horar da su, kuma daga 2014 zuwa 2017 an buɗe wuraren gwajin maleriya na ƙauye fiye da 1,200.

Manomi zai sauko daga gonar shinkafarsa ta kan tudu jiki na makyarkyata, kai na sarawa, can kuma gumi ya karyo masa. Kowa a ƙauyen ya san waɗannan alamu, amma mai gwaji ba ya ba da magani a kansu kawai, domin zazzaɓin dengi ma haka yake farawa. Sai ya goge ɗan yatsa, ya tsira allura, ya ɗiga jini a kan tsinken, ya jira kamar minti 15. Layin da ya fito shi zai nuna wace irin maleriya ce. In falsifarum ce, mai saurin kisa, sai maganin atimisinin na kwana uku. In baibas ce, wadda ke laɓewa a hanta ta dawo bayan makonni ko watanni, sai kulorokwin.

A ganina, babbar gwanintarsa ita ce sanin inda ƙarfinsa ya tsaya. Yaro na jijjiga, ko ido ya yi rawaya, ko fitsari ya yi baƙi, ko mara lafiya ya kasa haɗiye ko da ruwa, to babu zama. Sai a nemi masu ɗauka a nufi asibiti, ko da damina ta cinye hanya.

Sauron wannan daji yana cizo a waje tun magariba, saboda haka gidan sauro kaɗai bai isa ba. A wannan yanki na Asiya ne kuma falsifarum ta bijire wa kulorokwin kafin matsalar ta iso Afirka, shi ya sa aikin mutumin nan ya shafe mu.

Falsifarum ta ragu ƙwarai a ƙauyukan. Amma bayan juyin mulkin soja na 2021, yaƙi ya kori dubban mutane zuwa daji, maleriya ta sake yawaita a bakin iyakar.